Keken Jika da Zaren Hagu

Faɗanmu da Jika a kasuwar Buza munka yi shi, gaban rumfar Kaltuma mai fura, kuma a kan zane ne.

Jika ƙanen maigidana ne, cikinsu ɗaya. Ni Tabawa matar wansa ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun ranar da anka kawo ni gidan. Yunwar fara ba ta daɗe da wucewa ba ya dawo daga Madawa da keken ɗinki ɗaure a bayan jaki, irinsa na farko da ƙauyenmu ya gani. Ƙauyen namu ɗan ƙarami ne a gindin dutse, in ka bar Tabotaki za ka Buza. Ni ko a lokacin ina da sabon zane na saƙa. Ga wanda bai sani ba, zanen saƙa ba a haɗe yake fitowa daga wurin masaƙi ba. Ƙwarya-ƙwarya ake ba ka shi, wato tsiri-tsiri, kowace ba ta fi faɗin tafin hannu ba, sai an zauna an harhaɗa da allura, aikin yini guda. Jika ya ce in kawo, kafin tukunyata ta tafasa ya gama. Ya ko gama. Ɗinkin ya yi kyau, ba ni hana shi wannan. Ta sama a miƙe, ta ƙasa kamar 'yar sarƙa.

Ran kasuwa na ɗaura shi, ina tafiya ina jin kaina. Ina wucewa kusa da shingen masu awaki ƙaya ta kama bakin zare, ban sani ba. Na yi taku kaɗan sai na ji iska inda iska ba ta saba shiga ba. Na duba, ɗinki ya zare tun daga ƙasa har ƙugu, zaren na can yana lilo a jikin ƙaya. Na ga bakin wani zaren a ɗinki na kusa, na kama in ƙulle, shi ma ya biyo hannuna sulul. Ba don Kaltuma ta jefo mini mayafinta ba, da mutanen Buza sun sha kallo kyauta.

Jika yana zaune can gefe da kekensa a kan tabarma, mutane sun yi masa zobe, kowa da tufarsa a hannu yana jira. Na ratsa su na jefa masa zanen a cinya.

Na ce, “Mijina ƙarami, ga aikinka. Na kawo zane ɗaya, ka mayar mini da uku.”

Ya dubi zanen, ya dubi masu jira. Na ga idonsa ya tsaya kan wani Buzu da ya fara naɗe rigarsa zai tafi. Sai ya ɗaga murya ya ce, “Matar yaya, keke ba ya ƙarya. Wanga ɗinkin Nasara ne. Amma kowa ya sani, duk abin da hannun hagu ya taɓa sai ya warware.”

Kasuwa ta ɗauki dariya.

Ni bahaguwa ce, haka anka haife ni. Kakata ta karya ludayi ba ɗaya ba a kan 'yan yatsuna har na koyi cin tuwo da dama da karɓar abu da dama. Kaɗi kam ta kasa. In na kama mazari da dama sai ya yi rawar maye ya faɗi. Da hagu nake murza shi, shi ya sa zarena ke murɗewa ta inda na sauran mata ba ya murɗewa. Masaƙa ba sa son sa, sun ce in ya shiga cikin na mutane tufa ta karkace. Wasu ma cewa suke zaren hagu na masu asiri ne. Duk wannan na daɗe ina sha a cikin gida, amma ba a taɓa zuba mini shi a tsakiyar kasuwa ba.

Na ce da shi, “Hannun da kake zagi shi ya riƙa wanke maka ƙafa lokacin da take wari kowa ya guje ka. Ci gaba da juya ƙarfenka, tunda fartanya ta fi ƙarfinka. Ranar da ya tsaya, rumbun wanka na nan. Mu ciyar da kai kamar yadda ake ciyar da tsohon jaki.”

Wannan ba wanda ya yi wa dariya. Na san inda na soka, kuma can na nufa. Shi ya fara.

Ga abin da ke ƙarƙashin maganar. Jika yana saurayi ciwon kurkunu ya ci masa gwiwar dama, da ya warke ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. A ƙasarmu ta duwatsu, inda gona ke kan gangare, wanda ba ya duƙawa ba manomi ba ne. Da ubansu ya rasu, maigidana ya ce masa ya zauna abinsa, shi zai noma rabonsu duka biyu su ci tare. Maigida mutum ne mai kirki, irin kirkin da ba ya tambayar ko mai karɓa yana so. Jika ya ce a'a. Ya bar wa wansa rabonsa na gona, ya karɓi sa da jaki a madadinsa. San ya zama keke, jakin ya zama ƙafarsa. Yakan ce, “Kowa da gonarsa, tawa ta ƙarfe ce.” Abu ɗaya yake tsoro a duniya fiye da mutuwa: a auno masa hatsi daga rumbun wani a kawo masa.

Tun daga ranar kasuwar wasa ya mutu tsakaninmu. Gaisuwa kawai, ina kwana, lafiya lau. Gida ɗaya muke, zana ce ta raba sashenmu da nasa, amma nisanmu sai ka ce garin Kaita da Madawa.

Ba a daɗe ba anka fara kawo masa ƙara. Wandon wannan ya zare, aljihun wancan ya faɗi, kuma duk na-dama ne masu su. Da rani ya yi, ya ɗaure kekensa ya nufi Sakkwato, ya zauna gindin telolin kasuwa yana yi musu aikace-aikace yana kallon hannunsu. Kafin ruwa ya sauka ya dawo da wani keken dabam, baƙi, mai nauyi, da zanen fure na ruwan zinariya a wuyansa. Daga nan ɗinkinsa bai sake zarewa ba. Ya auri Balki, yarinya mai haƙuri daga Garhanga, ya riƙa bin kasuwanni da jakinsa.

Yana son magana a kan keke kamar yadda Buzu ke son magana a kan raƙumi. Wata rana ina daka a bayan zaure na ji yana yi wa maza bayani.

Yana cewa, “Ku kuna ganin keke keke ne. Ba haka ba, iri-iri ne. Akwai na hannu kamar wanga nawa, hannu ɗaya na juyi ɗaya na riƙe da tufa. Akwai na ƙafa, a kan tebur yake, ka taka da ƙafa biyu, hannuwanka duka suna kan aiki. Wancan gudu gare shi kamar dokin sukuwa.”

Wani ya ce, “To mi ya hana ka sayo mai gudun?”

“Da wace ƙafar?” in ji Jika. Sunka yi dariya, shi ma ya yi. “Kuma wa ya taɓa ɗora tebur a bayan jaki ya hau dutsen Buza? Na ƙafa na ɗan birni ne, mai rumfa guda. Bar wannan ma, babban bambanci a ciki yake, wurin zare. Akwai mai zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar tufa, ko ka yanke ɗaya ɗinki ba ya tafiya. Su ma ba ɗaya suke ba. Wani ƙoshiyarsa doguwa ce irin ta masaƙi, tana kai da komo, shi ne nawa. Wani ɗan kwarkwaro ne zagaye a cikinsa kamar goro, ya fi shiru, amma ya fi tsirfa. Har na ga wani ƙato mai ɗinka fata, allurarsa kamar basilla.”

“Na farkonka fa, wane iri ne?”

Na tsayar da taɓarya.

Jika ya ce, “Wancan mai zare ɗaya ne. Zaren shi kaɗai yake sarƙe kansa, in ba a ƙulle ƙarshensa ba ka ja, ya tafi duka. Kukun wani Nasara ya sayar mini, bai faɗa mini ba, ina jin shi ma bai sani ba.”

To, ashe ya sani. Ya san ba hannuna ba ne. Na ci gaba da dakana, na ce yau ko gobe zai leƙo ta zana ya ce matar yaya, ashe keken ne. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mutumin da zai iya rarrabe maka keke kamar yana rarrabe gero da dawa ya kasa buɗe baki ya faɗi magana guda. Na lura maza da yawa haka suke. Gaskiyar da za su faɗa a zaure ba ta iya tsallake zana.

Sai yaƙin Nasara ya tashi can ƙasarsu, hayaƙinsa ya iso mu. Anka ce an rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, sojan kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, na tsare hanya. Yadin akoko ya ɓace a kasuwa, na alawayyo ya ɓace, sabulu da ashana sunka zama labari. Ga lampo, wato haraji, ba a rage ba, ga hatsin da ake karɓa ana cewa na soja. Mutane sunka koma ga tsofaffin tufafinsu, faci kan faci. Manoma sunka koma walki. Duk macen da ta yar da mazari ta nemo shi, masaƙa sunka yi ƙiba. Aikin ɗinki kam bai taɓa yawa kamar lokacin ba, sai dai keke ba ya cin tuwo, zare yake ci, zaren kanti mai santsi, shi ko ta kudu yake zuwa.

Jika ya yi ta lallaɓa ɗan abin da ya rage masa. Da ya ƙare ya riƙa farke tsofaffin ɗinki yana tsamo zaren yana ƙuƙƙullawa. Da wannan ma ya ƙare ya koma ga zaren mata. Ya gwada na Balki. Ya aika Garhanga wurin wata Suwaiba da ake yabon sirantar zarenta. Ya je har Kaita. Duk labari ɗaya: keke ya yi ɗan taku, zare ya buɗe a bakin allura, ya yi gashi, ya tsinke. Duk macen da ke kaɗi a ƙasar nan sai da ya nemi zarenta, ban da wadda ke bayan zanarsa.

Za ka ce ya koma ɗinkin allura mana. Ɗinkin allura kowane namiji a garinmu ya iya, a gindin itace suke yi suna hira. Ba mai ba ka hatsi don abin da zai yi da kansa. Saurin keke da ƙarfin ɗinkinsa ake saye.

Keke ya yi shiru. Ni da na saba jin ƙararsa ta zana har na daina jinta, sai shirun ya dame ni. Hayaƙi ya fara tsallake rana a sashen Balki. Maigida ya auno hatsi ya ce in kai mata. Na kai, na aje na juyo. Kafin in koma ɗakina hatsin ya riga ni, Jika ya dawo da shi da kansa yana jan ƙafa, ya dire a ƙofar wansa.

Ya ce, “Yaya, na gode. Jakin bai tsufa ba tukuna.”

Da ni yake, ko da yake bai dube ni ba.

Bayan 'yan kwanaki Balki ta same ni ina kaɗi a inuwa. Ta durƙusa ta ce, “Yaya Tabawa, zai sayar da keken. Mato zai zo ran kasuwar Buza ya ɗauka.” Mato ɗan kasuwa ne na Madawa, wanda ya san hanyoyin da soja ba su sani ba, zai kai keken kudu inda zare yake. “Ya ce in ya sayar zai mayar da ni gidanmu, shi ya tafi inda ba wanda ya san wansa.”

Na ce, “Da wannan ƙafar? Ya tafi ya yi mi, tseren barewa?”

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini guntayen zaren da keke ya tsinka, ta ce, “Dubi. Nawa ne, kuma wallahi na yi iyakar ƙoƙarina.”

Na ɗauki guntu ɗaya na duba. Zaren ba shi da laifi, siriri ne, sili biyu a tufke. Amma inda ya tsinke silin sun rabu, kamar an zauna an warware su da gangan. Zare mai rauni tsinkewa yake yi kawai. Wanga sai da anka kwance shi tukuna. Wato akwai abin da ke murza shi a cikin keken, kuma ta inda yake buɗewa yake murza shi.

Na shiga ɗaki na buɗe adudu. A can ƙasa akwai zaren kantin nan da na cire daga ƙayar shingen Buza, naɗe a guntun kara. Mace ba ta yar da zare, balle zaren da anka ci mata mutunci da shi. Na fito da shi rana, na jera su uku a cinyata: na kanti, na Balki, da nawa. Na murza na Balki tsakanin yatsu, ya buɗe. Na murza na kanti ta wannan gefen, sai ya ƙara tsukewa. Na murza nawa, shi ma ya tsuke.

Na daɗe ina kallonsu. Can wata ƙasa da ban san sunanta ba, masu yin zaren keke suna murɗa shi ta inda kakata ta karya ludayi don ta hana ni.

Ban ce wa Balki komai ba, don ban tabbata ba. Na nemo audugar fadama mai dogon gashi, na gurje, na shiɓe ta har ta yi kamar kumfa. Na shafa alli a yatsa na kaɗa siriri, siririn da ban taɓa yi ba, don ba wanda ya taɓa neman in yi. Na haɗa sili biyu na tufke, na ja shi ta cikin kakin zuma don gashin ya kwanta. Tuwon gidanmu ya yi ta makara a kwanakin, maigida ya yi ta gunaguni.

Ran kasuwa da hantsi na tsallaka zana, abin da na yi shekaru ban yi ba in ba da aike ba. Na tarar Jika ya naɗe keken a tabarma yana ɗaure igiya, jaki na tsaye. Ya rame, wuyansa duk jijiya.

Na ce, “Kwance.”

Ya ɗago. “Matar yaya, lafiya?”

Na miƙa masa zaren, da hannun hagu kuma, da sani. Ya duba bai karɓa ba.

“Na wa?”

“Na wadda duk abin da ta taɓa sai ya warware.”

“Zaren hagu a cikin kekena?”

Na ce, “Kekenka? Kafin azahar na Mato ne. In zai lalace, na Mato ya lalace. Ko tausayin Mato kake ji?”

Balki ta rufe baki da mayafi. Jika ya zauna ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya kwance igiya a hankali kamar wanda ake tilasta wa. Ya cika ƙoshiya, ya zura zare a allura, ya ɗauko ƙwarya biyu na saƙa ya haɗa bakinsu. Ya juya da ƙarfi kamar yadda ya saba, zare ya tsinke.

Ya ce, “Kin gani.”

Na ce, “Na ga mai gaggawa. Ba kai ke cika baki naka na hannu ne ba? Hannu ai ya san sannu. Juya kamar kana lallashin jariri.”

Ya sake zurawa. Ya juya sannu. Allura ta sauka ta tashi, ta sauka ta tashi. Ya kai tsawon taƙi, ya kai kamu, bai ɗago kai ba har ƙarshen ƙwaryar. Ya yanke, ya kama tufar da hannu biyu ya ja, ya sa haƙori ya ja bakin zaren. Ɗinki ya tsaya. Ya juya shi ta baya ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya dafa keken da tafin hannu ya bar shi a nan, kamar mai dafa goshin mara lafiya ya ji zazzaɓi ya sauka.

Da Mato ya iso, Jika ya ce masa ya yi haƙuri, an fasa. Mato ya dubi zaren, ya dube ni, ya ce, “Inna, in kin gaji da wanga gurgun, Madawa akwai teloli.”

Na ce, “Gurgun namu ne. Ka gai da Madawa.”

Bayan ya tafi Jika ya ce, “Matar yaya, mi za ki riƙa karɓa?”

Na ce, “Rabona na hatsi kamar kowane abokin aiki, ba kyauta tsakaninmu, kada ka ce na ciyar da kai. Amma kafin nan akwai magana da ka aje a kasuwar Buza. Can ka zubar da ita, can za ka kwashe.”

Ran nan ya shimfiɗa tabarmarsa gaban rumfar Kaltuma. Da mutane sunka taru suna mamakin jin keke na kuka a wannan zamani, ya tsayar da hannu ya ce, “Jama'a, keke iri-iri ne.” Na ce a raina, ga shi nan zai fara. Ya bi su ɗaya-ɗaya, na hannu, na ƙafa, mai doguwar ƙoshiya, mai kwarkwaro, har sai da na fara tunanin ya manta. Can ya ce, “Akwai kuma mai zare ɗaya, wanda ya kunyata matar yayana a nan wurin. Laifin keken ne da jahilcin mai shi. Zaren da kuke gani yau nata ne, da hagu ta kaɗa shi.”

Kaltuma ta ce, “Shekara nawa kana dama wagga furar, Jika?”

Ya ce, “Ta yi tsami, amma ta shawu.”

Haka munka yi shekarun yaƙi, ni ina kaɗi yana juyi. Ba zan ce zarena ya kai na kanti ba. Yakan tsinke, yakan bar ƙura a cikin ƙoshiya, kullum sai Jika ya share da gashin kaza. Telolin Madawa sun aiko an saya musu, sunka ce ba ya yi. Nasu na ƙafa ne, ƙafa ko in ta ɗauki gudu ba ta san sannu ba. Keken da ya saya don ba shi da ƙafar taka wani, shi ne kaɗai ya yarda da zaren talaka.

Wasu sun je wa liman da maganar, ko ya halatta a yi salla da rigar da anka ɗinka da zaren hagu. Ya ce su duba kafaɗar tasa rigar. Daga nan sai ga mata na zuwa in koya musu murza mazari a juye. Har da waɗanda na san sun bugi ɗiyansu a kan hagu. Kaɗan sunka iya. Hannu ba ya son a canza masa hanya, ni na fi kowa sani.

Da hatsin da ake biyansa Jika ya gina rumbu a sashensa. Ɗan ƙarami ne, in ka tsaya kusa da na wansa sai ka ce ɗan maraƙi gindin sa. Amma kowace safiya sai ya ja ƙafa ya je ya dafa shi.

Yaƙi ya ƙare, hanya ta buɗe, zaren kanti ya dawo kala-kala. Jika ya koma masa, bai ko yi mini kara ba. Na ce, “An ga amarya an manta da uwar gida.” Ya ce, “Matar yaya, ke ma kin san ya fi naki.” Na sani. Gaskiya dai ya koyi faɗinta a kan kari, ko da ba a tambaye shi ba.

Bai daɗe yana morar zaren kantin ba. Tari ya kama shi, irin wanda ba ya saki. Ya daina bin kasuwanni, sannan ya daina fita zaure. Keken na ɗakinsa a rufe da ƙyalle, inda idonsa zai riƙa kai wa. Da jiki ya yi nauyi sai tsohon tsoronsa ya dawo. Ya ƙi cin komai. Ya ce wa Balki ya san rumbunsa ya ƙare, ya san daga na wansa ake aunowa ana ɓoye masa. Ta rantse, bai yarda ba, ya ce ita mai tausayi ce, mai tausayi ko yana rantsuwa.

Da la'asar Balki ta zo ta kira ni. Na bi ta gindin rumbun tukuna, na sa tsani na leƙa da idona. Sannan na karɓi kunun daga hannunta na shiga. Yana kwance, ya zama kamar kara.

Ya ce, “Matar yaya, kin zo duba tsohon jaki?”

Na ce, “Na zo in ga ko ka shirya. A garin nan likkafani ba a ƙulle masa zare. Da ka aje kekenka na farko, yau da ya yi rana.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya dubi kunun ya ce, “Ke ba ki taɓa jin tausayina ba. Faɗa mini, hatsin wa?”

Da safe kafin rana ta ɗaga Allah ya karɓi abinsa, ban sake samun yi masa magana ba. Balki ta ce ya shanye kunun duka bayan na fita. Ga amsar da na ba shi da ya tambaye ni, ina tallafe da kansa da hannun hagu:

“Na leƙa da idona. Ya yi ƙasa, amma zai kai kaka. Hatsin kekenka ne, Jika, ko ƙwaya ta wanka babu. Sha abinka, kada ya huce.”